Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga ministocin Ƙawancen Hasken Rana: filin da kuke kira fako yana da masu shi

Masu girma ministocin makamashi na ƙasashen da ke cikin Ƙawancen Ƙasashen Duniya kan Hasken Rana,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai girka sola ne. Na yi shekaru ina hawa rufin mutane da tsani, ina ɗaura farantai, ina haɗa waya da inbata da batir, kuma da wannan sana'a nake ciyar da iyalina. Na faɗi haka tun farko don kada ku ɗauki wasiƙar nan ta maƙiyin sola ce. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Tun ranar 30 ga Nuwamba 2015 da Indiya da Faransa suka ƙaddamar da wannan ƙawance a Paris, abin da kuka fi tinƙaho da shi shi ne yawan megawat, kuma kuna da hujja. Daga 1954, lokacin da masu bincike uku na Bell Labs a Amurka suka fito da ƙwayar sola ta silikon mai amfani, sai da aka kai 2022 kafin ƙarfin solar da aka girka a duk duniya ya cika terawat 1, wato megawat miliyan ɗaya. Na biyun kuwa shekara biyu kacal ya ɗauka, ya cika a 2024. A taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 ƙasashe sun amince a ninka makamashi mai sabuntawa sau uku kafin 2030, ya kai wajen gigawat 11,000, kuma kowa ya san kaso mafi tsoka sola ce za ta ɗauka. To, ranku ya daɗe, duk farantan nan a kan wani abu za su zauna. Wasiƙata a kan wannan abin take, wato ƙasa.

Akwai wani aiki da aka taɓa ɗaukar mu mu yi a wata babbar gonar sola, mu ne masu ɗaure farantai a kan ƙarafa. Kafin mu iso, katafila ta riga ta gama nata. An kankare fuskar ƙasa tas, an tumɓuke bishiyoyi da saiwoyinsu an tara a gefe, an fesa maganin ciyawa, an zagaye wurin da waya. Wata rana da la'asar ina bakin shinge ina shan ruwa, sai ga wani dattijo da garkensa. Dabbobin suka cunkushe a jikin wayar suna kuka. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ta ina zan bi in kai su mashaya?" Na ce, "Baba, wallahi ban sani ba." Ya nuna mini da sandarsa inda burtalin ya bi a da, daidai ta tsakiyar layukan da muka ɗaure a makon, har ana iya ganin sawun hanyar ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren shingen. Ya juya da dabbobinsa ba tare da ya ƙara kalma ba. Daga baya na ga takardar aikin a hannun injiniya. An rubuta cewa fili ne da ba a amfani da shi.

Abin bai tsaya ga dattijon ba. Da rani ya yi, ƙasar da aka kankare ta zama gari, iska ta riƙa kwasar ta tana shimfiɗawa a kan farantan da muka ɗaure. Idan ka ja yatsa a kan gilashin sai ka ga layi baƙi ya fito a tsakiyar jar ƙura. Da damina ta sauka, ruwan da ke zubowa daga bakin farantai ya riƙa dukan wuri guda, babu ciyawar da za ta riƙe shi, har ya fara cin gindin ƙarafan. Kamfanin da ya kori ciyawa da dabbobi ya koma biyan kuɗin tankar ruwa da kuɗin cike kwazazzabo. An cuci makiyayi, kuma tashar ba ta ba da wutar da aka yi lissafi ba.

Kada ku ce wannan tsautsayi ne na wuri guda. A Charanka, cikin jihar Gujarat ta Indiya, inda aka buɗe katafariyar gonar sola a 2012, wani ɓangare na filin gwamnati ta rubuta shi a matsayin ƙasar banza, alhali makiyayan Rabari sun daɗe suna kiwo a cikinsa. Da yake ba su da takardar mallaka, da dama daga cikinsu ba su shiga lissafin diyya ba. A Warzazat ta Maroko, tashar hasken rana ta Noor ta zauna a kan hekta kusan 3,000 na filin gandun al'umma da ake kiwo a kai, aka saye shi kan dirhami 1 kowace murabba'in mita, saboda an ɗauke shi a matsayin fako. A Pavagada ta jihar Karnataka a Indiya an yi abin da ya fi wannan kyau: maimakon ƙwace ƙasa, an karɓi hayar eka kusan 13,000 daga manoma, aka fara da biyan rufi 21,000 na kuɗin Indiya kan kowace eka a shekara, kuma gonar tana nan da sunan mai ita. Na yaba da wannan. Amma ɗan ƙwadagon da ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, wanda da noman gonar wani yake ci, da matar da ke kiwon awaki a kan karan da aka girbe, su me suka samu? Haya ta mai takarda ce. Ƙasa kuwa tana ciyar da mutane da yawa fiye da wanda sunansa ke kan takarda.

Ban ce sola za ta cinye duniya ba, masu faɗin haka suna zuzuta abin. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na masarar Amurka ana mayar da ita man etanol ne don zubawa a mota, kuma hektar da aka shimfiɗa wa sola tana ba da makamashi ninkin-ba-ninkin abin da hektar masara ke bayarwa. Idan aka duba taswirar duniya, filin da sola ke bukata kaɗan ne. Sai dai ba a kan taswirar duniya ake gina tasha ba. Mai zuba jari yana neman wuri shimfiɗaɗɗe, kusa da titi, kusa da babban layin wuta, ba nesa da ruwa ba. Wannan kuma shi ne ainihin wurin da manomi da makiyayi suka riga shi zaɓa. Tashar Bhadla a jihar Rajasthan ta Indiya, mai megawat 2,245, ta ci hekta wajen 5,700. Ta Benban da ke kusa da Aswan a Masar ta ci murabba'in kilomita 37. A taƙaice kowane megawat yana neman hekta biyu ko fiye. Ku ninka wannan da dubban megawat ɗin da kowannenku ya yi wa ƙasarsa alƙawari.

A nan ne ingancin faranti ya shigo, kuma a nan ne nake da albishir da gargaɗi a haɗe. Da tsakar rana, rana tana zuba wajen wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita. Ƙwayar 1954 kashi 6 cikin 100 take kamawa. Farantan da muke ɗaurawa yau suna kama kashi 21 zuwa 23. Wani nazari na cibiyar binciken Lawrence Berkeley a Amurka ya gano cewa tsakanin 2011 da 2019, ƙarfin da ake samu daga kowace eka ya ƙaru da kashi 52 a tashoshin da farantansu ke kafe, da kashi 43 a masu juyawa suna bin rana. Wato lissafin fili da aka yi shekara goma da suka wuce ya tsufa. Duk ministan da aka kawo wa takardar neman fili, ya tambaya da lissafin wace shekara aka auna, domin kamfani ba ya ƙin a ba shi fili fiye da bukatarsa.

Silikon kuwa ya kusa kai maƙura. Tun 1961 William Shockley da Hans Queisser suka nuna cewa ƙwaya mai hawa ɗaya ba za ta wuce kusan kashi 33 ba, ga silikon kuma iyakar ta tsaya wajen kashi 29, kuma a ɗakin gwaji an riga an haura 27. Hanyar da ta rage ita ce ɗora hawa biyu: a shimfiɗa siririn ferofskayit, wani sinadari mai mayar da haske wuta, a sama ya kama hasken da ke da ƙarfi, silikon a ƙasa ya kama wanda ya ratso. Lokacin da ƙungiyar Tsutomu Miyasaka a Japan ta fara gwada ferofskayit a 2009, kashi 3.8 ta samu. A 2024 kamfanin LONGi na Sin ya sanar da kashi 34.6 a ƙwayar hawa biyu, kuma a shekarar ce Oxford PV ya fara sayar da farantan irin wannan masu kashi 24.5. Idan wata rana farantin kasuwa ya tashi daga 22 zuwa 28, aikin da ke cin hekta 100 zai koma ƙasa da 80. Hekta 20 ɗin nan gonakin gidaje ne.

Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Ƙwayar da ke kafa tarihi a ɗakin gwaji sau da yawa ba ta fi farcen babban yatsa ba. Ferofskayit yana lalacewa da danshi da zafi da hasken kansa, ga kuma dalma a cikinsa, alhali farantin silikon ana ba shi garanti na shekara 25 zuwa 30. Abin da nake roƙonku shi ne ku kafa filayen gwaji na haɗin gwiwa a ƙasashe masu tsananin zafi da ƙura, a bar sababbin farantan nan su yi shekaru a rana, a riƙa wallafa sakamakon kowa ya gani. Ƙasashen ƙawancenku da yawa tsakanin layukan zafi na duniya suke, amma yawancin gwajin da ake dogaro da shi a yanayin sanyi aka yi shi.

Wannan ya kawo ni ga abin da duk mai girka sola ya sani da tafin hannunsa. Lambar da aka rubuta a bayan faranti an auna ta ne a digiri 25. Ka taɓa farantin da ke kan rufi da azahar, ba za ka iya barin hannunka a kai ba, yakan kai digiri 65. Kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 na wutar, wato da tsakar rana an yi asarar kusan kashi 14 kafin a zo maganar ƙura. Masana suna shekaru suna fafutukar ƙara kashi 1 a ɗakin gwaji, mu kuma a fili muna zubar da fiye da goma saboda zafi, muna kuma ƙara shi da shimfiɗa farantai a kan ƙasa tsirara mai tururi. Abin da ke ƙarƙashin faranti ɓangare ne na ingancinsa. Tsiro yana fitar da danshi, danshi yana sanyaya gilashi, saiwa tana riƙe ƙura. A Arizona ta Amurka, ƙungiyar Greg Barron-Gafford ta wallafa a 2019 cewa farantan da aka shuka kayan lambu a ƙarƙashinsu sun fi na kan fako sanyi da kusan digiri 9 da rana. Kuma amfanin bai tsaya ga farantai ba: tumatir ya ninka yabanya, wani nau'in barkono ya ninka sau uku, saboda inuwar ta kare su daga ƙunar rana.

Dabarar haɗa noma da sola ba sabuwa ba ce. Adolf Goetzberger, wanda ya kafa cibiyar Fraunhofer ta binciken hasken rana a Jamus, shi da Armin Zastrow suka fara rubuta ta a farkon shekarun 1980. A Heggelbach, kusa da tafkin Konstanz, an ɗaga farantai mita 5 sama a 2016 yadda tarakta za ta wuce, aka shuka alkama da dankali da ciyawar dabbobi a ƙasa. A shekarar farko, idan aka haɗa amfanin gona da wutar da aka samu, hekta ɗaya ta yi aikin hekta 1.6. A 2018, da aka yi zafi da fari, lissafin dankalin ya kai 1.86. Ku lura da wannan: shekarar da ta fi muni ga manomi ita ce inuwar ta fi yi masa rana. Idan haka ta faru a Jamus, ina ga ƙasashen da rana ke ƙona shuka wata da watanni? A Gonghe ta lardin Qinghai a Sin, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashin farantai a wurin da hamada ta fara ci, saboda iska ta ragu kuma ruwan wanki yana sauka ƙasa. Da ciyawar ta fara rufe farantai, sai aka ɗaga ƙarafan aka kira makiyaya da tumakinsu. Duk lokacin da na karanta labarin nan sai dattijon bakin shinge ya faɗo mini a rai. Ɗaga ƙarfe da barin ƙofa a shinge ya isa ya canza masa rayuwa.

Ba zan ɓoye muku ba, hanyar tana da tsada. Dogon ƙarfe ya fi gajere kuɗi, iska ta fi dukansa, kuma ba kowace shuka ke son inuwa ba. Hatsin da ke son rana tsantsa yakan ragu. Akwai kuma masu wayo da za su dasa 'yan tsirai a ƙarƙashin farantai don a kira wurin gona a ba su lasisi. Japan ta ga haka. Tun 2013 ta sharɗanta cewa amfanin gonar da ke ƙarƙashin sola kada ya gaza kashi 80 na abin da ake samu a yankin, kuma da aka ga wasu suna wasa da sharaɗin sai aka ƙara tsaurara shi a 2024. Faransa a dokarta ta Afrilun 2024 ta ce raguwar kada ta wuce kashi 10. Italiya kuwa a watan Mayu na shekarar ta hana shimfiɗa sola a ƙasa a kan gonaki, sai irin wadda aka ɗaga ana noma a ƙarƙashinta. Ga dokoki a rubuce, an gwada su, an ga inda suke yoyo. Ƙasar da ba ta rubuta nata ba tukuna ba sai ta fara daga farko ba, kuma raba wannan ilimi shi ne aikin da aka kafa ƙawancenku dominsa.

Kafin ma a je gona, akwai wuraren da babu mai jayayya a kansu. Rufin masana'antu da makarantu da rumbunan ajiya. Wuraren ajiye motoci, waɗanda Faransa ta wajabta a 2023 cewa duk wanda ya wuce murabba'in mita 1,500 a rufe rabinsa da rumfar sola. Hanyoyin ruwan ban-ruwa, kamar yadda Gujarat ta fara a 2012 a kan magudanar Narmada, inda faranti ke hana ruwa ƙafewa, ruwa kuma ke sanyaya faranti. Madatsun ruwa: Singafo ta ɗora megawat 60 a kan tafkin Tengeh a 2021, Indunusiya ta buɗe ta Cirata a 2023, Gana ma ta fara da megawat 5 a madatsar Bui, kuma a irin waɗannan madatsu layin wuta yana nan tuntuni. A Huainan ta Sin, a kan tafkin da ya taru a ramin tsohuwar mahaƙar kwal aka shimfiɗa farantai. Kowane ɗaya yana da wahalarsa, na kan ruwa dole a kula da kifi da masunta, na kan rufi sai an bi gida-gida. Amma ya kamata kamfani ya nuna cewa ya duba waɗannan sun gaza kafin ya nemi gonar mutane.

Dalilin da ya sa ba a yin haka sananne ne a wurinku. Yawancin ƙasashe gwanjo suke yi, wanda ya kawo farashin wuta mafi arha shi ke cin kwangila. Wannan tsari ya taimaka wajen karya farashin wutar sola da kusan kashi 90 daga 2010 zuwa 2023, ba na raina shi. Sai dai ma'auni ɗaya gare shi. Wanda ya ɗaga ƙarfe don tumaki su wuce, ko ya bar burtali, ko ya zauna da mutanen ƙauye wata shida ana shawara, farashinsa zai ɗan ɗara, sai mai katafila ya kayar da shi. Ku ne kuka rubuta ƙa'idar gwanjon, ku ne kuma za ku iya gyara ta. Ku sa maki a kan yawan wutar da hekta za ta bayar a shekara, da abin da hektar za ta ci gaba da samarwa ban da wuta. Ku wajabta a je filin a kowane lokaci na shekara kafin a rubuta cewa babu kowa, domin wurin da hoton tauraron ɗan'adam ya nuna fayau da rani yana iya cika da garke da damina. A rubuta sunan mai kiwo da mai itace da ɗan ƙwadago tare da na mai takarda, a ba su kaso. Kuma ƙauyen da ke maƙwabtaka da tasha ya samu wuta daga gare ta. Babu abin da ke ɓata ran mutane kamar su kwana a duhu wayoyi na wucewa ta saman gidajensu.

Ku tuna da namun daji ma. A Rajasthan, tujen Indiya, wanda abin da ya rage nasa bai kai 200 ba, yana mutuwa ne ta hanyar karo da wayoyin da ke kwashe wutar sola da ta iska, har Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarni a kan maganar a 2021. Hamada ma akwai masu rai a cikinta.

Saura batu ɗaya, wanda ba na jin ana yawan tayar da shi a tarukanku. Faranti yana tsufa. Hukumar makamashi mai sabuntawa ta duniya, IRENA, da takwararta ta makamashi ta duniya sun ƙiyasta tun 2016 cewa tarkacen farantai zai iya kai tan miliyan 78 kafin 2050. Bayan shekara 25 ko 30, wa zai tone kankaren da aka binne, ya zare wayoyin ƙarƙashin ƙasa, ya mayar da gona yadda za a iya sa garma? Kamfanin da ya sa hannu wataƙila an sayar da shi sau uku, ko ya rushe. Manomin da ya ba da haya wataƙila ya rasu, 'ya'yansa ne za su gaji fili cike da ƙarfe. Ina roƙonku kada a ba kowace tasha lasisi sai an ajiye kuɗin kwashe ta a asusun da kamfani ba zai iya taɓawa ba, kuma a hana kankare ƙasar sama tun ranar farko, a kafa ƙarafa a bar ciyawa a inda take. Ku sa wannan a ajandar babban taronku mai zuwa, ku kuma gayyato wakilan manoma da makiyaya su zauna a teburin, su yi magana da bakinsu.

Na gode da sauraro, Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Wani mai girka sola